Takardar gwajin jini ta nuna alamar daji ta hau: yadda za ka karanta ta mataki-mataki

Wani daren Alhamis bayan sallar isha'i, ƙanen mahaifiyarmu ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu a Aboabo. Ya ja ni gefe, ya zaro wata takarda da ya ninke gida huɗu daga aljihun gaban rigarsa. Takardar har ta yi laushi saboda gumi da yawan buɗewa. Ya ce, "Ɗana, duba min wannan. Yaron da ya miƙo min ita ya ce in nemi likita da gaggawa." Na haska fitilar waya. An rubuta PSA, ɗaya daga cikin alamomin daji da ake aunawa a jini, 7.8, da harafin H a gefe, wani kuma ya zagaye lambar da jan biro. Kwana uku ke nan takardar tana aljihunsa. Bai gaya wa iyalinsa ba, amma ya riga ya fara lissafin wanda zai riƙe masa shagonsa na kasuwar Kejetia.

Na ce, "Kawu, ranar da aka ɗebi jinin nan, lafiyarka ƙalau?" Ya ce ina fa, sati guda ya yi yana fama da zafin fitsari da zazzaɓi, shi ya sa ma ya je. Nan take na san rabin labarin.

Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Kumasi, kuma da wuya sati ya wuce ba a turo min hoton irin wannan takarda ta WhatsApp ba. Ni ba likita ba ne, aikina auna jini. To amma na ga yadda lamba ɗaya take hana mutum barci wata guda, na kuma ga yadda wata lambar mai kyau take sa mai ciwo na gaske ya koma gida ya miƙe ƙafa. Shi ya sa na rubuta wannan, yadda nake bin takardar da 'yan'uwana idan sun kawo min.

Tukuna, mene ne ake aunawa? Waɗannan alamomi, irin su PSA, CA-125, AFP, CEA da CA 19-9, galibinsu sunadarai ne da jiki ke yi. Lafiyayyen jiki ma yana yin su, kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin daji kan yi su da yawa, amma gaɓar da ta kumbura, ko ta kamu da cuta, ko ta toshe, ita ma tana zubo su cikin jini. Kamar haushin kare ne da dare. Yana iya zama ɓarawo, yana iya zama akuyar maƙwabta ce ta shigo. Mai hankali zai tashi ya leƙa da fitila, ba zai fara ihun ɓarawo daga kan gado ba, ba zai kuma ja bargo ya ci gaba da barci ba.

Mataki na 1: Me ya sa aka yi gwajin?

Lamba ɗaya tana da ma'ana uku, gwargwadon wanda take jikinsa. Akwai wanda aka riga aka tabbatar yana da daji, ana bin sawun magani. A wurinsa gwajin yake da amfani sosai, domin don wannan aikin aka fi amincewa da shi. Akwai wanda ya je asibiti da wata damuwa, ƙullutu a ciki, rama, ko zubar jini, likita ya haɗa da wannan gwajin cikin bincikensa. Sai na uku, wanda lafiyarsa ƙalau, ya ga talla ko an zo unguwa da tanti ana "duba lafiyar jiki gaba ɗaya", ya biya ɗaruruwan sidi aka auna masa alamomi biyar ko shida a lokaci guda.

Mafi yawan takardun da ake turo min daga rukuni na ukun nan suke, kuma a nan ne ƙararrawar ƙarya ta fi yawa. Dalilin lissafi ne kawai: a cikin mutane dubu masu lafiya, masu dajin ƙalilan ne, masu ƙarin mahaifa da ciwon hanta da shan taba kuwa suna da yawa, kuma duk suna iya ɗaga lambar. A Birtaniya an bi mata fiye da 200,000 shekara da shekaru, wasu ana auna musu CA-125 duk shekara, wasu ana yi musu sikanin, wasu ba a yi musu komai. Da aka fitar da sakamakon ƙarshe a 2021, binciken bai nuna an rage mace-mace daga dajin ƙwan mace ba. Idan ƙasar da ke da kayan aiki ta gwada haka bai biya ba, ban ga dalilin da zai sa Hajiya mai sayar da wake da shinkafa ta zuba jarinta a kai ba.

Wurare biyu ne aka yarda a auna mai lafiya: PSA ga maza masu shekaru, bayan sun tattauna da likita, da AFP tare da sikanin ga masu ciwon hanta mai daɗewa. Zan dawo kansu.

Mataki na 2: Karanta takardar kanta, a hankali

Duba suna, shekaru da kwanan wata. Kar ka yi dariya, na taɓa ganin takardar wani Alhaji a hannun mai irin sunansa, a wani ɗakin gwaji da ba zan kama suna ba. Zango ne, sunayenmu suna maimaituwa.

Sannan duba ma'aunin da ke gaban lambar. Ana rubuta PSA da CEA da ng/mL, CA-125 da CA 19-9 da U/mL. AFP kuwa wasu na rubuta shi da ng/mL, wasu da IU/mL, kuma ba daidai suke ba. A gefe za ka ga iyakar da wannan ɗakin gwajin ya ɗauka a matsayin daidai. Da ita za ka kwatanta, domin kowace na'ura da irin sinadaranta, jini ɗaya zai iya ba da lamba biyu mabambanta a unguwannin Adum da Bantama. Harafin H ko tauraro ba ya nufin komai illa lambar ta haura iyakar, ko da da ɗigo ɗaya ne.

Mataki na 3: Da nawa ta haura?

CA-125 mai 41 inda iyaka take 35, da CA-125 mai 1,400, ba zance ɗaya ba ne. Ƙaramin hawa, wanda bai kai ninki biyu ba, yawanci daga abubuwan yau da kullum yake. Hawa mai ninki goma ko ɗari yana buƙatar likita a cikin satin, ba bayan sallah ba. Duk da haka, babbar lamba ma ba hukunci ba ce. Toshewar hanyar maɗaciya kan kai CA 19-9 ɗaruruwa har dubbai, a buɗe hanyar ya sauko.

Mataki na 4: Me kuma ke ɗaga wannan alamar banda daji?

Nan ne aikin yake, kuma kowace alama da halinta.

*PSA.* Daga furostat yake fitowa, wato ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Iyakar da aka saba da ita ita ce 4, ko da yake likitoci na duba shekaru: 3.5 a jikin ɗan shekara 45 ya fi jan hankali a kan 5 a jikin ɗan 75. Tsakanin 4 da 10, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ake samu da daji idan aka yanko nama aka duba. Ma'ana uku cikin huɗu ba su da shi. Idan ya haura 10, yiwuwar ta wuce rabi. A ɗaya gefen kuma, kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da lambarsu ke ƙasa da 4 an same su da daji a wani babban bincike na Amurka, saboda haka "ƙasa da 4" ba takardar sallama ba ce.

Abin da ya fi ɗaga PSA shi ne girman furostat da ke zuwa da tsufa, wanda ke sa dattijo tashi fitsari sau huɗu kafin asuba. Sai cutar hanyar fitsari da kumburin furostat, irin na Kawu. Sai sa robar fitsari, da riƙewar fitsari. Kusantar iyali cikin kwana biyu kafin gwaji na iya ɗaga shi kaɗan, haka ma doguwar tafiya a kan keke. Wani lokaci likita zai ƙara neman abin da ake kira PSA sakakke, wato kason da ke yawo a jini ba a manne da komai ba. Idan kason ya haura 25 cikin ɗari, hankali ya fi kwanciya. Idan ya gaza 10, likita zai matsa bincike.

Ga tarko ɗaya da mutane ba su sani ba. Magungunan rage girman furostat, finasteride da dutasteride, suna rage PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara ana sha. Mai shan su da ya ga 3 a takarda, a lissafin likita kamar 6 ne. Dole ka faɗa masa kana sha.

Mu baƙar fata dajin furostat ya fi kama mu, kuma ya fi zo mana da wuri. Shi ya sa ake ba mazanmu shawarar su fara wannan zance da likita tun daga shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon.

*CA-125.* Wannan ce alamar da ta fi sa matanmu kuka a banza. An gano ta a 1981, iyakarta 35. Duk abin da ya taɓa fatar da ta shimfiɗe cikin ciki zai iya ɗaga ta: jinin al'ada, ciki musamman watannin farko, ƙarin mahaifa, cutar da ta hau mahaifa da bututunta, da ciwon nan da naman cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta yana sa matsanancin ciwon mara. Ka tsaya a layin asibitin mata na kowace safiya ka ƙirga masu ƙarin mahaifa, za ka gane me ya sa CA-125 mai 50 ko 60 a jikin 'yar shekara 35 ba ya firgita likita.

Ruwa a ciki daga ciwon hanta, ruwa a huhu, da gazawar zuciya duk suna ɗaga ta, har a jikin namiji. Sai wanda ya kamata mu a nan mu riƙe sosai: tibin ciki. Mace ta rame, cikinta ya cika da ruwa, CA-125 ya kai ɗaruruwa, kowa ya yanke cewa dajin ƙwan mace ne, a bincika a tarar tibi ne, wanda ake warkewa da magani na watanni.

Wadda al'adarta ta ɗauke kuwa, labarinta daban. Yawancin waɗannan dalilai sun fita daga lissafi, don haka hawan CA-125 a jikin Inna mai shekara 60, musamman da kumburin ciki, saurin ƙoshi ko yawan fitsari, yana buƙatar sikanin ba tare da jinkiri ba. A sani kuma, kusan rabin masu dajin ƙwan mace a matakin farko lambarsu daidai take.

*AFP.* Idan da alama ɗaya ce za a ce 'yan zango su sani, da wannan zan zaɓa. Dajin hanta na cikin huɗun da ke kan gaba a Ghana, tare da na nono, bakin mahaifa da furostat, kuma babban tushensa ciwon hanta nau'in B ne. Kusan babba ɗaya cikin goma a ƙasar nan na ɗauke da ƙwayar, da yawa tun suna jarirai, kuma arewa ta fi kudu. Sai a 2002 aka sa rigakafinsa cikin allurar yara, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan bai samu a asibitin awo ba. Ƙari a kan haka akwai gubar da funfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wadda idan ta haɗu da ƙwayar B take ninka haɗarin.

A babban mutum AFP kan tsaya ƙasa da 10. Mai ciki nata yana hawa, haka Allah ya tsara, domin ɗan tayi ne ke yin sa. Hanta mai kumburi ko wadda ta yi tauri ta ƙanƙance kan ba da 20, 50, har sama da 100 ba tare da daji ba. Amma AFP da ya haura 400 a jikin mai ciwon hanta, ga kuma ƙullutu a sikanin, wannan magana ce babba. Haka ma lambar da ke hawa a jere, 15, sai 40, sai 120, ko da ba ta kai 400 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu dajin hanta AFP nasu ba ya motsi ko kaɗan. Wannan ne ya sa ƙa'idar take sikanin hanta duk wata shida, AFP rakiya yake yi. Na ga samari 'yan shekara talatin da 'yan kai da suka san suna da ƙwayar B, suka yi AFP sau ɗaya ya fito daidai, suka ɗauka an gama. Wata shida-shida ne, har illa ma sha Allahu.

*CEA.* An gano shi a Kanada a 1965, kuma amfaninsa na gaske shi ne bin sawun wanda aka yi wa aikin dajin babban hanji. A marar shan taba yakan tsaya ƙasa da 3, a mashayi har 5 ana ɗaukarsa daidai. Taba, ciwon hanta, kumburin hanji da daɗaɗɗen ciwon huhu suna ɗaga shi kaɗan, da wuya su kai shi sama da 10. Wanda ke ganin jini a bayan gida kar ya tsaya neman CEA, kar kuma ya ce basir ne kawai. Abin da yake buƙata shi ne a leƙa hanjin da na'ura.

*CA 19-9.* Iyaka 37. Ana haɗa shi da dajin fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, da na hanyar maɗaciya. Tsakuwar maɗaciya, shawara mai zuwa daga toshewa, da ciwon sukari da ba a riƙe da kyau ba duk suna ɗaga shi. Abin mamaki, mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari jikinsu ba ya iya yin sa sam, ta hanyar gado, kuma a baƙar fata adadin ya fi haka. Irin wannan mutum ko ciwon ya cika shi lambarsa ƙasa za ta zauna.

Sauran a taƙaice. CA 15-3 na bin sawun dajin nono ne da ya riga ya bazu, ba ya gano shi da wuri. Mai ƙullutu a nono hannun ma'aikaciyar lafiya da hoton nono take buƙata, bakin mahaifa kuma dubawa ake yi kai tsaye, babu gwajin jini da ke maye gurbinsa. Beta-hCG, sinadarin da gwajin ciki ke nema, a jikin macen da ke shekarun haihuwa ciki ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Idan ya ƙi sauka bayan ɓari ko haihuwa, ko ya hau a jikin namiji mai kumburin maraina, a hanzarta. LDH kuwa kusan komai na ɗaga shi: zazzaɓin cizon sauro, sikila, har jinin da ya fashe a kwalba saboda an sha wuya wajen ɗiba.

Mataki na 5: A maimaita, amma a bisa ƙa'ida

Ƙaramin hawa a jikin wanda ba shi da wata damuwa, abu na gaba yawanci maimaitawa ne, bayan an kawar da abin da ake zargi. Mai cutar fitsari ya gama magani ya jira kamar sati shida kafin a sake PSA, ya kuma ƙaurace wa iyali da keke kwana biyu kafin ranar. Mace ta bari al'ada ta wuce kafin a sake CA-125. Ba a buƙatar azumi don waɗannan gwaje-gwaje.

A koma ɗakin gwajin da aka yi na farko. Na san halinmu, idan ba mu ji daɗin amsa ba sai mu hau pragya, wato babur mai ƙafa uku, mu tafi wani wuri mu "tabbatar". Abin da za ka samu shi ne lamba biyu daga na'ura biyu, waɗanda ba za a iya jera su a ce ta hau ko ta sauka ba.

Mata masu shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce, ku duba kwalbar. Idan akwai bitamin ɗin da ake kira biotin mai yawa a ciki, yana iya rikita na'urar ta ba da lambar da ta gaza gaskiya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2017. A dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin ɗibar jini, a kuma faɗa wa mai ɗibar.

Sai maganar da za ta ɓata wa wasu rai. A tsakanin gwaji na farko da na biyu ne mai maganin gargajiya yake samun kasuwa, na rediyo da na cikin mota da na bakin masallaci ranar Juma'a. Mutum ya sha jarka biyu, ya sake gwaji, lambar ta sauka, sai a ce magani ya ci. Alhali da ruwan famfo ya sha ma za ta sauka, tunda cutar fitsarin ce ta warke. Wanda nasa dajin ne kuwa ya yi asarar wata shida. Mai ciwon hanta ma ya fi kowa shiga haɗari, domin duk abin da ya haɗiya hantar nan mai rauni ce za ta tace shi.

Mataki na 6: Kai wa likita, da kayan aikinsa a hannunka

Idan likita ne ya rubuta gwajin, shi za ka mayar wa. Idan da kanka ka yi, fara da asibitin da ke kusa, Manhyia ko Tafo misali, su duba ka su rubuta maka takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, idan akwai buƙata. Ka tafi da katin inshorar lafiya mai rai, da duk tsofaffin takardun gwaji da na sikanin a jere bisa kwanan wata, da kwalayen duk abin da kake sha, har na gargajiya. Ka tuno wa ya taɓa yin daji a dangi, wane iri, yana da shekara nawa. Idan Turanci ko Tuwi na ba ka wuya, tafi da wanda zai fassara, wanda kuma ba ka jin nauyin a yi maganar fitsari ko al'ada a gabansa. Dattijo da 'yarsa a ɗakin likitan mafitsara, rabin gaskiya ake faɗa.

Tambayoyi huɗu sun isa: Me kake zargi ya ɗaga lambar? Wane bincike ne na gaba? Yaushe zan dawo? Me zan gani in dawo kafin ranar?

Akwai waɗanda ba sa jiran maimaitawa, kome ƙanƙantar lambar: mai rama ba dalili, mai ƙullutun da ake ji da hannu, wanda idonsa ya yi rawaya, mai kumburin ciki da ba ya sauka, mai jini a fitsari ko bayan gida, macen da jini ya dawo mata bayan al'ada ta ɗauke, da dattijo mai PSA sama da ciwon baya ko ƙugu da ke hana shi barci. Idan ƙafafu suka fara rauni ko fitsari ya ƙi riƙuwa tare da ciwon bayan, wannan na ɗakin gaggawa ne a ranar.

Mataki na 7: Abin da ke yanke hukunci

Bayan jini sai hoto: sikanin, ko CT, ko MRI, gwargwadon gaɓar. Ga furostat, likita zai sa safar hannu ya taɓa ta dubura. Minti ɗaya ne, kuma na san maza da suka gwammace su biya kuɗin PSA sau biyar da su yarda da shi. Yatsan likita na jin taurin da jini ba ya nunawa.

A ƙarshe, kusan kowane daji ana tabbatar da shi ne ta hanyar yanko ɗan nama a duba a madubin likita. Dajin hanta ne sananne da wani lokaci hoton CT ko MRI ke isa, a jikin wanda hantarsa ta riga ta yi tauri. Akwai maganar da ke yawo a zango cewa "in ƙarfe ya taɓa daji sai ya watsu". Asalinta a bayyane yake: mutane na zuwa a makare, a yanko nama, bayan wata biyu su rasu, sai a ɗora wa allurar. Ciwon ya riga ya watsu kafin su shigo ƙofar. Ba tare da wannan naman ba likita ba zai san irin dajin ba, balle maganin da ya dace da shi. Idan an tabbatar, akwai sashen daji da na'urar gashi, wato mai ƙona daji da haske, a Gee tun 2004, na asibitin Korle Bu a Ankara, babban birnin ƙasa, kuma tun 1997.

Ga wanda ke kan magani

Kai alkibla za ka riƙa dubawa, ba lambar rana ɗaya ba. Bayan an cire furostat gaba ɗaya, PSA ya kamata ya sauka har na'ura ta kasa ganinsa cikin sati shida zuwa takwas, kuma idan ya dawo 0.2 aka maimaita aka tabbatar, likita zai sake zama da kai. Wanda aka yi wa gashi kuwa furostat ɗinsa na nan, lambar a hankali take sauka, wani lokaci ta ɗan yi tsalle ta koma. Abin da ake lura da shi shi ne ta haura mafi ƙarancin da ta taɓa kaiwa da 2. AFP kan ragu da rabi duk kwana biyar zuwa bakwai bayan aikin da ya yi nasara, saboda haka kar a auna washegari a ce bai sauka ba. A satuttukan farko na kemo, wato maganin daji na ƙarin ruwa ko na sha, wasu alamomin kan hau kafin su sauka, domin ƙwayoyin da ke mutuwa suna zubar da abin cikinsu a jini. Kar ka bar magani saboda wannan.

Sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, ka ja layi huɗu: kwanan wata, sunan gwaji, lamba da ma'auninta, da inda aka yi. Likitan da ke da mutum sittin a layi zai gane halin da kake ciki cikin daƙiƙa goma.

Irin littafin na saya wa Kawu. Ya gama maganin cutar fitsarin, muka ƙirga sati shida, na raka shi wurin da ya yi na farko. Ya fito 4.9. A hanya ya ce, "To ɗana, an gama ke nan?" Na ce da saura, Kawu, har yanzu ta haura 4, kuma shekarunka 63. Ya yi gunaguni tun daga Bantama har gida a kan maganar safar hannu, amma ya je. Likitan ya ce furostat ɗin ya girma, sumul yake ba tauri, ya rubuta masa magani, ya ce a sake awo bayan wata shida. Awo na uku a littafin 4.6 ne. Na huɗu zai faɗo bayan babbar sallah, kuma matarsa ce yanzu take riƙe da littafin, a cikin kwanon da take ajiye katin inshora.